Daga Tawa Zuwa Yamai a Kan Allo: Shirin Tafiya Wurin Shaƙatawa a Darasin Lissafi

A ƙasashen da ke da manyan wuraren wasa da shaƙatawa, akwai wani aiki da malaman lissafi kan ba ɗalibai ya ɗauke su makonni. Akan ce su shirya wa iyalinsu ko ajinsu tafiya zuwa irin wannan wuri, a yanka musu adadin kuɗin da ba za su haura ba, sannan su fitar da kuɗin mota da na tikitin shiga da na abinci da masauki, su kuma tsara yadda za a raba sa'o'in yini. Ina koyar da lissafi a wata kwaleji a nan Tawa, kuma a ganina aikin yana da amfani ƙwarai, sai dai amfanin nasa yana rataye ne a kan abu biyu: yaro ya fita da ƙafarsa ya samo alƙaluman da zai yi aiki da su, sannan kuɗin da aka yanka masa su kasance ba za su isa komai da komai ba, ta yadda dole ya zaɓi abin da zai bari. Malamin da ya kwafo farashi daga intanet ya rubuta wa yaran Adar, wato yankinmu na Tawa, a allo, ya ce su tara su raba, tsohon darasi kawai ya sauya wa riga.

Shi ya sa nake fifita a fara da wurin da ake iya zuwa. Ga ɗalibin Tawa, wannan wuri shi ne Yamai, musamman Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959. Wuri ne da ya haɗa gidan namun daji, da ɗakunan kayan tarihi da tufafin gargajiya, da rumfunan masu sana'ar hannu, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu a yankin Agadas miliyoyin shekaru da suka wuce, har da ragowar itacen nan da ya tsaya shi kaɗai a hamadar Tenere, wanda mota ta kayar a 1973. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 24, kuma wannan adadi kaɗai ya isa darasi guda, domin hekta 24 murabba'in mita 240,000 ne, kuma idan aka raba shi da girman filin ƙwallo mai mita 105 tsawo da mita 68 faɗi, za a ga filaye 33 sun shiga har da saura. A Yamai akwai kuma wuraren wasan yara masu lilo da ƙananan motoci, waɗanda kan cika maƙil a ranakun salla, don haka ana iya raba yinin biyu, safiya a gidan tarihi, la'asar a wurin wasa.

Wajibi ne a faɗa wa yara gaskiya tun ranar farko cewa shiri ne ake yi a takarda, kuma tafiyar tana iya yiwuwa tana iya ƙin yiwuwa, tun da sai da yardar iyaye da izinin hukumar makaranta da kuma duba halin da hanya take ciki. Yaron da aka yi wa alƙawarin ganin zaki sannan aka saɓa, ba zai sake yarda da malamin ba a sauran shekarar.

Cikas na farko da ake haɗuwa da shi ba ya cikin littafin koyarwa ko kaɗan, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa. A aji muna rubuta kuɗi da sefa, amma a kasuwa da tasha babu mai magana da sefa, da dala da jika ake ciniki. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika ɗaya kuma sefa 1,000, wato dala ɗari biyu. Idan aka aiki ɗalibi ya tambayo farashin farantin shinkafa da wake, mai abinci ta ce masa ɗari ne, sai ya dawo ya rubuta 100 a jadawalinsa, alhali 500 ya kamata ya rubuta, kasafin abincin ƙungiyarsa gaba ɗaya ya ragu sau biyar ba tare da ya lura ba. Abin mamaki shi ne wannan yaron, idan mahaifiyarsa ta aike shi da jika biyu ya sayo kayan miya na dala ɗari biyu da saba'in, ba zai taɓa ɓata canji ba, zai dawo mata da dala ɗari da talatin cif. Ninkawa da biyar da rabawa da biyar suna cikin kansa tun yana ƙarami, amma bai taɓa ɗaukarsu a matsayin lissafin makaranta ba. Don haka nakan sa kowace ƙungiya ta ja layi biyu a jadawalinta, ɗaya na abin da aka faɗa musu da baki, ɗaya na sefa. A nan ne ɗaliban da ke taya iyayensu tsaron shago ko talla, waɗanda galibi sukan yi shiru a bayan aji, suke zama waɗanda ake juyowa a tambaya.

Daga nan sai hanya. Daga Tawa zuwa Birnin Ƙonni, ta Badagishiri da Tsarnawa, kimanin kilomita 130 ne. Daga Ƙonni zuwa Dogon Dutsi kimanin 145, daga can zuwa Dosso kimanin 135, daga Dosso zuwa Yamai kimanin 140, jimla kusan kilomita 550. Idan muka ƙaddara cewa mota tana cin kilomita 65 a sa'a a matsakaici, na'urar lissafi za ta nuna 8.46, kuma kusan duk ajin zai rubuta sa'a 8 da minti 46. Wannan kuskure ne mai kyau, domin yana buɗe ƙofar bayanin cewa sa'a minti 60 ce, ba 100 ba, saboda haka 0.46 na sa'a minti 28 ne. Sannan sai a tambaye su ko akwai motar da ta taɓa zuwa Yamai ba ta tsaya ba. Su da kansu za su lissafo tsayawar salla, da ta cin abinci, da shingayen jami'an tsaro, da wurin biyan kuɗin hanya, su ba kowace tsayawa mintocinta, su gane cewa wanda ya tashi bayan sallar asuba sai wajen la'asar zai shiga Yamai. A wannan gaɓa tafiyar yini ɗaya take mutuwa, maganar masauki ta shigo kasafi ko ana so ko ba a so.

Maganar mai ita ce inda aikin ya fi kusantar rayuwa. Littafi yakan ce mota tana shan lita kaza a kilomita ɗari, amma babu direban da ke magana haka. Wata ɗaliba ta je tasha ta tambayi wani dattijo mai hayis, wato ƙaramar bas ta haya, ta ce: “Baba, lita nawa motarka ke sha a kilomita ɗari?” Ya yi dariya ya ce: “Ɗiyata, ni abin da na sani, man jika takwas ke kai ni Ƙonni idan kaya ba su yi yawa ba.” Ta dawo tana ganin ba ta samo amsa ba, alhali ta samo duk abin da ake buƙata. A watan Yulin 2024 hukuma ta tsayar da litar fetur a kan sefa 499, ta gazuwal, wato dizal, kuma 618. Idan aka ɗauki 499 a matsayin 500 don sauƙi, jika takwas lita 16 ce, lita 16 a kilomita 130 kuwa tana ba da lita 12 da 'yan kai a kowace kilomita ɗari. Zuwa Yamai da dawowa kilomita 1,100 ne, wato lita 132 idan aka tsaya a kan 12. Kuɗinta kuma ba sai an nemi na'ura ba: 132 sau 500 ya ba da 66,000, a cire sefa ɗaya a kowace lita, saura 65,868. Wannan dabarar ta cika adadi sannan a rage, 'yan kasuwa suna yinta kullum, kuma ita ce ainihin ƙa'idar da muke rubuta musu da haruffa a darasin aljabara suna kallonmu kamar muna wani yare.

Yawan motoci ma yana da nasa tarkon. A ɗauka ɗalibai 58 ne da manya 4 masu rakiya, mutum 62 ke nan, hayis kuma tana ɗaukar 18. Rabawa ta ba da 3.44, sai wasu su rubuta mota 3 saboda an koya musu cewa abin da bai kai rabi ba ana yar da shi. Tambaya ɗaya ta isa gyara wannan: su wane ne mutum takwas ɗin da za a bari a tasha? Dole a ɗauki mota ta huɗu ko da rabinta babu kowa, kuma kujeru goman da suka rage fanko sai an biya kuɗinsu.

Ga 'yan ajin ƙarshe masu shirin jarrabawar BEPC, wato ta kammala kwaleji, a nan ne za a shigo da abin da ya fi ba su wahala a manhaja, wato bambancin kuɗin da ke tsaye da kuɗin da ke ƙaruwa da yawan mutane. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na ainihi sai an je kamfanonin sufuri an tambayo. A ce shatar babbar mota mai kujera 70, zuwa da dawowa, jika 900 ce, tikitin mutum ɗaya zuwa da dawowa kuma jika 18. Idan aka zana biyun a takarda mai gidaje, kuɗin shata layi ne a kwance, domin ko mutum goma ne suka shiga ko sittin bai canzawa, kuɗin tikiti kuwa layi ne mai hawa, kuma suna haɗuwa daidai a kan mutum 50. Da mutum 62 shata ta fi sauƙi, tun da tikiti zai ci sefa 1,116,000. Amma idan iyayen yara goma sha biyar suka ce ba su yarda ba, saura 47, tikiti ya koma 846,000, shata ta zama asara. Na fi son in sanar da wannan janyewar bayan ƙungiyoyi sun gama kasafinsu sun yi masa ado da jan biro, domin a lokacin ne ake gane wanda ya fahimci tsarin lissafin da wanda ya cika gidajen jadawali kawai. Na farko zai canza adadi ɗaya ya sake bin layi, na biyun sai ya yage takarda ya koma farko.

Abinci da ruwa ba sa buƙatar dogon bayani, tarawa da ninkawa ne. Abin lura kawai shi ne idan tafiyar ta faɗo a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Yamai kan haura digiri 40, ƙungiyar da ta rubuta leda biyu ta ruwa ga kowane yaro a yini ba ta yi tunani ba, ko da ninkawarta daidai ce. Haka kuma duk kasafin da bai ware kashi 10 cikin ɗari don abin da ka iya tasowa ba, kamar fashewar taya ko zazzaɓin yaro, nakan mayar wa masu shi.

A cikin wurin wasan kansa, lissafin layi ne ya fi armashi, kuma shi ne abin da yara ba su taɓa zaton ana lissafawa ba. Idan lilo mai juyawa yana ɗaukar yara 12, kowane zagaye da hawa da sauka yana cin minti 5, to a sa'a ɗaya yara 144 ne za su hau. Ajinmu mai ɗalibai 58 yana buƙatar zagaye biyar, minti 25 ke nan ko da babu kowa a wurin sai mu. Idan kuwa ranar salla ce, muka tarar da yara 60 a gabanmu, na ƙarshenmu sai ya yi minti 50 kafin ya sauko. Tsakanin la'asar da magariba lokaci kaɗan ne, saboda haka idan abubuwan hawa huɗu ne, ajin ba zai zagaye su duka ba muddin ya tafi a dunƙule. Ɗalibai kan gano da kansu cewa gara a kasu gida huɗu, kowane rukuni ya fara da abin hawa daban sannan a riƙa musanya, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa manya huɗu suka shiga lissafi tun farko. Manyan wuraren wasa na duniya da irin wannan lissafin suke auna kowane abin hawa, wato mutum nawa yake kwashewa a sa'a, kuma da shi suke rubuta wa baƙi tsawon jira a bakin layi.

Akwai misali ɗaya daga tarihi da nake son kawowa idan an zo kan da'ira. A baje kolin duniya da aka yi a Chicago ta Amurka a 1893, injiniya George Ferris ya gina wata ƙatuwar ƙafa mai juyawa a tsaye, faɗinta kimanin mita 76, tana ɗauke da ɗakuna 36, kowane ɗaki yana iya cin mutum 60, jimla 2,160 a lokaci guda. Kewayenta 76 sau 3.14 ne, kusan mita 239, kuma zagayen da take yi ba tsayawa yana cin minti 9. Kafin a lissafa nakan sa yara su yi hasashen gudunta, kuma galibi sukan ce ta fi babur. Amsar ita ce kimanin kilomita 1.6 a sa'a, ƙasa da rabin saurin mai tafiya a ƙasa. Gardamar da ke biyo baya, inda wasu ke sake ninkawa don ba su yarda ba, ta fi mini atisaye goma a kan kewayen da'ira.

Sai bayan an gama duk wannan ne nake barin a leƙa waje, kuma da manufa ɗaya, wato canjin kuɗi. Disneyland ta farko an buɗe ta ne a California a 1955, ta kusa da Paris kuma a 1992. Ta Faransa ta fi dacewa da ajinmu saboda sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka amsar da yaro ya samu yau ita ce zai samu wata mai zuwa. Farashin shiga can yana sauyawa gwargwadon rana da lokacin hutu, kuma a ranakun cunkoso tikitin babba na yini ɗaya yakan haura yuro 100. Yuro 100 sefa 65,596 ne, wato kusan daidai da man da hayis ɗinmu za ta sha daga Tawa zuwa Yamai ta dawo da mutum 18 a cikinta. Idan aka gwada shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasarmu, wanda aka ɗaga zuwa sefa 42,000 a wata daga farkon 2024, tikitin ya haura albashin wata ɗaya da rabi. Naira da dalar Amurka kuwa ba a ɗaure suke da sefa ba, kuma yaran da ke da 'yan uwa masu fatauci tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya sun san cewa abin da ɗan canji ya faɗa da safe yana iya sauyawa kafin yamma. Ƙungiyar da ta zaɓi lissafa wani wuri a Najeriya dole ta rubuta ranar da ta samo farashin canji kusa da adadin, in ba haka ba lissafinta ba shi da tushe.

Ban yarda a mayar da wurin wasa na Turai ya zama ginshiƙin aikin ba, kuma dalilina bai tsaya ga lissafi kaɗai ba. A aji ɗaya akwai ɗan da mahaifinsa ke zuwa Dubai sayen kaya, akwai kuma wanda mahaifinsa ya tafi cin rani bai aiko ba tukuna. Idan aka ce kowa ya shirya wa iyalinsa hutu a Paris, na farko yana wasa ne da abin da yake jin labarinsa a gida, na biyun kuwa an sa shi ya auna talaucin gidansu da alƙalami a gaban abokansa. Tafiyar aji gaba ɗaya, da asusu ɗaya, ta kauce wa wannan, ta kuma haifar da tambayar da ta fi kowace nauyi a aikin: idan yara shida ba za su iya biya ba, yaya za a yi? A lissafe abu ne mai sauƙi, a raba jimla da 52 maimakon 58, kason kowa ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari. Amma ƙungiyoyi sukan rabu a kan mafita, wasu su ce a nemi tallafin ƙungiyar iyayen yara, wasu su ce a bar wurin wasa a tsaya a gidan tarihi, wasu su ce a kwana a ajin wata makaranta a Yamai maimakon masauki na kuɗi. Kowace shawara tana da adadin da ke bayanta, kuma sharaɗina shi ne duk wanda zai yi magana ya zo da nasa adadin a rubuce.

Wajen ba da maki, aikin ƙungiya yana da tsohuwar matsalarsa, wato mutum ɗaya ya yi komai, huɗu su rubuta sunayensu. Hanyar da na ga ta fi rage wannan ita ce a ba kowane ɗalibi ɓangarensa, wannan sufuri, wannan abinci, wannan lokaci, wannan tikiti da layi, amma ranar gabatarwa a tambayi kowa a kan ɓangaren da ba nasa ba. A cikin maki 20, rabi kawai nake ba daidaiton lissafi. Sauran na raba shi tsakanin bayyana inda aka samo kowane adadi, ko a tasha ne ko a gidan mai ko ƙaddarawa aka yi, da kuma iya amsa tambayar da na jefo a take, kamar a ce litar mai ta ƙaru da dala goma, ko motar da aka samu kujera 15 gare ta. Ƙungiyar da kasafinta ya haura abin da aka yanka mata da jika talatin, amma ta nuna dalili ta kuma faɗi abin da za a rage, tana samun maki fiye da wadda jimlarta ta faɗo daidai a kan adadin saboda ta manta cewa direbobi ma za su ci abinci.